Haƙora Biyu na Mai Busa Begila

Ɗaliban da ake turo mana koyon aiki, yawancinsu da tunani guda suke zuwa: ciwon dasashi aikin biro ne. A leƙa baki, a rubuta magani, a sallami mutum. Makon jiya ɗaya daga cikinsu ta ga na shafe kusan awa guda a kan haƙora shida na wata tsohuwa, sai ta ce cikin ladabi, "Mama, ba akwai ƙwayar da ake bayarwa ba?" Na ce mata akwai. Na kuma yi musu alkawarin zan rubuta yadda na san ƙwayar nan, domin a 'yan kwanakin nan ba zan iya kai labarin ƙarshe da baki ba.

Sunana Rifkatu. Aikina wanke baki da kankare haƙora. Karatuna bai yi nisa ba: sakandare, sai ɗan horon da aka ba mu, sauran duk a hannun Dakta, likitan haƙorin da ya ɗauke ni aiki, na koya. Dakta Bayarabe ne haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar Bazazzagi. Asibitinsa ɗaki uku ne a kan hanyar Muchia, kujera biyu, da tukunyar dafa ƙarafa da muke ɗorawa a risho idan babu wuta.

Watana uku na farko bai bar ni na taɓa bakin mutum ba. Ya tara haƙoran da ya cire, ya shafa wa saiwoyinsu jan farce, ya kafa su a cikin farin filasta mai daskarewa kamar siminti, ya rufa min tawul a kan hannu. Aikina in kankare jan farcen nan tas ba tare da na gani ba. Idan na ce na gama, ya yaye tawul. Ko ɗigo guda ya tarar, sai ya sake shafawa.

"A ƙarƙashin dasashi ba ki da ido," in ji shi. "Yatsunki ne za su gani."

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ɗan madubi mai mariƙi. Akwai ƙarfen awo, siriri mai zane-zane, kowane zane milimita guda, wanda ake zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi. Akwai ƙarafan kankara masu lanƙwasasshen kai, da dutsen da ake wasa su. Injin kankara mai fesa ruwa muna da shi, amma rabon da ya ga wuta ta kwana biyu a jere an daɗe, don haka hannu ne abin dogaro. Ƙarfen da ba a wasa ba yana goge dattin ne ya yi sulɓi, ya bar shi a wurin. Wannan ya fi rashin taɓawa muni, domin wanda zai zo bayanki ba zai ji shi ba.

Ciwon kansa ga yadda yake. Datti yana taruwa a gindin haƙori, ya daskare ya zama kamar dutse, ya yi ta gangarawa ƙarƙashin dasashi. Dasashi ya saki haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu. A lafiyayyen baki ƙarfen awo ba ya wuce zane uku. Idan ya nutse biyar, akwai aiki. Idan ya kai bakwai ko takwas, ƙashin da ke riƙe haƙorin ya fara ƙarewa. Kuma ba ya zafi, shi ya sa mutanenmu ba sa zuwa sai haƙori ya fara rawa. Kafin nan sun sha kafso ja da yalo na kemis har sun gaji.

Wajen shekarun da wayar hannu ta fara yawa a gari ne Dakta ya dawo daga wani taron likitoci da sabuwar magana. Ya ce doksisaikilin, kafson nan da kowa ya sani mai awo ɗari, idan aka rage shi zuwa ashirin, safe da yamma, na tsawon wata uku zuwa tara, yana wani aiki dabam. A wannan ɗan awon ba ya kashe ƙwayoyin cuta, ba a kuma ba da shi don haka. Jikin mutum ne, garin faɗa da dattin, yake fitar da wani abu da ke cinye zaren da ya ɗaure haƙori da ƙashi. Ƙaramin awon yana rage wa wannan abu kaifi, don naman ya samu sukunin kamawa.

"Amma sai an kankare," ya ce. "Ƙari ne a kan aikinki, Rifkatu. Idan dutsen yana nan, ko buhu mutum ya sha, asara ce."

Matsalar ita ce mai awo ashirin babu shi a Zariya, babu a Kaduna. Sai Dakta ya shirya da Madam Ngozi, wadda ta yi karatun harhaɗa magunguna kuma take da shago a layinmu. Tana da ɗan sikeli a cikin akwatin gilashi. Ta buɗe kafso mai ɗari, ta auna garin, ta raba shi biyar, ta ƙulle kowane kaso a farar takarda. Mai ciwo ya kaɗa ƙulli guda a rabin kofin ruwa, ya shanye, ya bi da wani ruwan. Ba aikin da za a yi a gida ba ne, kuma shekarar ma ba ta da kyau. Jabun magani ya cika kasuwa. Sau biyu Madam ta buɗe kafso a gabana ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce, "Sista, wannan alli ne. Je ki gaya wa Oga sai wani mako." Muna da mutum huɗu a kan maganin a lokacin, kuma kowane wata da fargabar ko za a samu na gaske muke shiga.

Dakta ya kafa doka. Ƙullin farko a gabanmu za a sha. Ni zan kawo kofi, in tsaya, in ga ya wuce maƙogwaro. Sannan in karanta sauran: kada a haɗa shi da nono ko madara ko kunun kanwa, a sha kafin abinci da kamar awa guda, kada a sha a kwanta nan take. Mai ciki, mai shayarwa da yara ba a ba su ko kaɗan.

Mutum na biyar da aka sa wa maganin shi ne yayana, Bulus.

Yaya Bulus ya girme ni da shekara goma sha huɗu. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, kuma bai taɓa kirana da sunana ba, sai Auta. A soja ya yi aiki, cikin 'yan badujala, ya fita da muƙamin saja. Da ya dawo Samaru sai ya shiga ƙungiyar masu busa da ake ɗauka jana'iza da biki, daga majami'un Sabon Gari har ƙauyukan bayan Bomo. Begila yake busawa, irin mai maɓalli uku. Da ita yake ciyar da mutum bakwai. Wanda bai sani ba zai ɗauka da leɓe ake busa begila. Leɓen yana kwance ne a kan haƙoran gaba biyu na sama, su ne bangon da ƙarfen yake dannawa.

A wata jana'iza na ga ya goge bakin begilar da hankici, na hango ja a jiki. Ban yi masa magana ba, ba a yi mana tarbiyyar haka ba. Matarsa, Maman Dauda, na samu. Bayan mako uku sai ga shi a asibiti da riga mai karin guga.

"Auta, ga bakin da kike ta kai ƙararsa. Na kawo shi da kaina."

Dakta ya yi awo, ni ina rubutawa. Turame biyar, biyar, shida. Da ya zo gaba sai ya rage murya. Na dama bakwai. Na hagu takwas. Ƙaramin da ke kusa da na hagu, tara, ga mugunya. Ya sa gindin madubi ya tura su, duka suka amsa.

"Oga Saja, tun yaushe suke rawa?"

"Ba rawa suke ba, Likita. Ɗan motsi ne."

"Idan suka ci gaba da ɗan motsin, cirewa za mu yi mu sa maka na roba."

Yaya ya tashi zaune. "Roba ba ta riƙe begila. Akwai wani namu da ya gwada. Ana tsakiyar sauke akwati ya ja dogon sauti, haƙoran suka riga gawar shiga rami."

Dakta ya yi dariya, Yaya bai yi ba.

"Ka gaya min gaskiya," ya ce. "Za su tsaya?"

"Ban sani ba. Ga abin da zan iya. Ƙanwarka za ta kankare maka baki duka, zama huɗu. Za ka sha wani ƙaramin magani safe da yamma. Begila kuma ka ajiye ta wata uku. Sai mu sake awo. Idan ramin bai ragu ba zan cire su, don kada ƙashin ya ƙare har robar ma ta rasa wurin zama."

Zama uku na farko, na turame, sun tafi daidai. Ya ƙi allurar kashe zafi, ya ce wanda aka ɗinke wa cinya a daji ba allura ba zai ji tsoron ɗan ƙarfen Auta ba. Na bar shi. Ranar zama na huɗu muka zo haƙoran gaba. Wurin nan ya fi ko'ina jijiya. Na zura ƙarfe, na ji dutsen can ƙasa, kamar matakala a jikin saiwa. Na ja sau ɗaya, sau biyu. Na ga yatsunsa sun nutse a hannun kujera, hawaye yana gangarawa cikin kunnensa. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne babanmu.

Ya ɗaga hannu. "Auta, ya isa."

Na tsaya. Na kankare abin da ke sama, wanda ido ke gani, na wanke, haƙoran suka yi fari. Na gaya wa kaina ai ga magani nan tafe, zai ƙarasa. Na ɗauki katinsa na rubuta an gama.

Maganin bai samu ba sai ranar Asabar da yamma, don Madam ta mayar da kwalin farko. Ranar Lahadi bayan sujada na kai masa gida. Tsakar gida cike da baƙi, ana ta zuba shinkafa. Na miƙa masa ledar ƙulle-ƙullen a bakin ƙofa na ce, "Yaya, safe ɗaya, yamma ɗaya." Ya ce, "An gama, Likita Auta," ya cusa a aljihu. Ban nemi kofi ba. Kunya ta hana ni tsayar da yayana a gaban baƙinsa in ce ya sha ina kallo.

Da na kai na wata na biyu ya ce min maganin yana da ƙarfi. Na ce haka ne. Ban tambaye shi ta ina ya san ƙarfinsa ba.

A mako na shida Maman Dauda ta zo asibiti ita kaɗai. Ta ja ni waje.

"Yayanki fa ya daina cin tuwo da zafi. Ruwan randa ma sai ya karkata kai yake sha. Ya hana ni faɗa miki."

Washegari ta kawo shi. Da na ɗaga leɓensa, dasashin gaba ya yi fari fat kamar an zuba masa tafasasshen ruwa, gefensa ya saɓule, jan nama a waje. Wuyan haƙoran ya zaizaye. Na hagu kuwa ya fi da rawa, da numfashi ma yana motsi. Na kira Dakta.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Oga Saja, nuna min yadda kake amfani da maganin."

Yaya ya ciro ƙulli daga aljihu, ya warware, ya lashi yatsa, ya dangwala a garin, ya kai dasashi zai goga. Dakta ya riƙe masa hannu.

"Haka kake yi?"

"Safe da yamma, ban taɓa tsallakewa ba. Har auduga nake dannawa don ya zauna."

"Wa ya ce ka shafa?"

"Wa zai ce? Gari ne a takarda. A daji idan mutum ya ji rauni, kafso muke fasawa mu barbaɗa a kai. Ciwon a baki yake, me zai kai magani ciki?"

Babu wanda ya girma a ƙasar nan da zai ce bai san wannan ba. Garin da aka ƙulle a takarda, na haƙori ne ko na gyambo, shafa shi ake yi. Dokar kofin Dakta saboda haka aka kafa ta. Garin nan kuwa yana da tsami mai cin nama. Sau tamanin da wani abu yayana ya ƙona bakinsa da hannunsa, yana jurewa, don ƙanwarsa ce ta ba shi.

Dakta ya ɗauki ƙarfen awo ya zura a hankali ta bayan haƙorin hagu. Na ga hannunsa ya tsaya. Ya miƙo min ƙarfen.

"Taɓa nan."

Na taɓa. Matakalar tana nan inda na bar ta.

Dakta ya karɓi ƙarfen ya ajiye. Ya shiga ɗakin dafa ƙarafa, na bi shi, ya tura ƙofa.

"Wa ya rubuta an gama?"

"Ni ce."

"Kin ji dutsen ranar?"

"Na ji."

"Da baƙo ne daga kasuwa ya ce miki ya isa, za ki tsaya?"

"A'a. Allura zan yi masa."

"Kofin fa?"

Tukunya tana ta huci a kan risho.

"Mako biyu naman ya warke," ya ce. "Sannan a sake kankara, har ƙasa. Bayan mako shida in auna. Wannan ne karo na ƙarshe, ƙashin ba zai jira na uku ba."

"Dakta, don Allah kai ka yi masa."

"A'a. Hannunki ya fi nawa a kankara, kin sani. Ni idan na sa hannu a bakin nan, abin cirewa zan ɗauko. Zaɓi."

Ya buɗe ƙofa, sai ya juyo. "Kuma dubi leɓensa na sama da kyau. Mutumin nan bai ajiye begila ba."

Na koma. Zoben yana nan a leɓe, jan da'ira da bakin begila ke bari. Maman Dauda ta sunkuyar da kai.

"Yaya, ka yi busa."

"Sau biyu ne kawai. Jana'izar wani dattijo a Dogarawa, da ta matar fasto. Idan na ƙi, akwai wani yaro ɗan kwaleji da suke ta gwadawa. Ya zauna a kujerata wata uku, kina tsammani zai tashi?"

"Ina bakin begilar?"

Ya taɓa aljihun gaba. Kullum a nan yake ajiye shi, ba ya barinsa a jikin begila.

"Ba ni."

"Auta."

"Ba ni shi, Yaya."

"Ke, ni kike miƙa wa hannu haka? Ni na kai ki makarantar da kike min tsawa da ita."

"Kai ka kai ni. Rabin abin da na koyo na yi maka, don na ji nauyinka, ga inda ya kai mu. Dutsen yana nan a ƙasa, ni na bar shi. Maganin ma ni ce ban nuna maka ba. Yanzu ko ka bar ni in yi maka duka, da allura, ko Dakta ya cire su yau ka huta."

Ban janye hannun ba. Ya kalli matarsa, ta kalli bango. Ya ciro ƙarfen, ɗan abu kamar mazurari, duk azurfar bakinsa ta goge. Ya ajiye a tiren kayan aiki, ba a hannuna ba. Na dafa shi tare da ƙarafa, na kulle a durowa.

Ranar kankara ta biyu na zo tun ƙarfe bakwai na wasa ƙarafa huɗu, na gwada kowanne a jikin robar biro har sai ya kama. Allurar gaban baki ta sama tana da zafi ƙwarai. Na ɗaga leɓen, na soka, na tura ruwan a hankali ina ƙirgawa a zuci. Bai motsa ba. Haƙoran suna rawa, don haka sai na tallafe kowanne da yatsan hagu, in ja da dama, don kada ni da kaina in tumɓuke abin da nake son ceta. Jini ya rufe komai. Na daina kallo, na koma wa yatsuna kamar zamanin tawul. In zura ƙarfe har gindin rami, in kwantar da kaifin a jikin saiwa, in ja sama, gajeren ja. In matsa kaɗan, in sake. Dutsen ƙarƙashin dasashi baƙi ne, ba kamar na sama ba, kuma idan ya ɓalle ana jin ƙas a cikin mariƙi. Awa ɗaya da rabi na yi a kan haƙora huɗu. Da na gama na bi kowace saiwa da ƙarfen awo, gaba da baya, har sai da ta yi santsi kamar kwalba. Sannan na kira Dakta ya bi bayana. Ya bi, ya ajiye ƙarfen, ya fita. A wurinsa wannan yabo ne.

Na nuna wa Yaya audugar da na tara ɓarɓashin a kai.

"Wannan duk daga bakina?" ya ce da leɓe mai nauyi. "Ai ya isa a yi daɓe."

A wannan makon Madam Ngozi ta samo ɓawon kafso marar komai daga Kano, ta daina ƙullin takarda gaba ɗaya, ga kowa. Na kawo kofi. Yaya ya haɗiya ina tsaye. Na karanta masa dokoki ɗaya bayan ɗaya kamar ban san shi ba, na sa ya maimaita. Furar da yake sha da safe aka mayar da ita rana. Asuwakin da yake dannawa da ƙarfi aka canza da buroshi mai laushi.

Jira shi ne ɓangaren aikin da ba a koya wa kowa. Ba a zura ƙarfe a ramin da ke warkewa, sai a yaga abin da ya fara kamawa. Mako shida ina ganinsa a majami'a, ina kallon bakinsa daga nesa, ba ni da ikon dubawa. An yi jana'iza uku a lokacin. A ɗaya muna tsaye tare, ɗan kwalejin yana busa. Na ga yatsun Yaya uku suna tafiya a jikin wandonsa.

Ranar awo Dakta ya shimfiɗa kayan cirewa a tire tun kafin ya fara, ya rufe da tawul. Yaya ya gani. Na riƙe kati da biro.

"Na dama, biyar."

Na rubuta. Daga bakwai ne.

"Na hagu." Ya zura, ya fitar, ya sake zurawa ta wani gefe. "Bakwai. Da ɗan jini."

"Ƙaramin, tara. Wannan ya tafi, Oga Saja. Idan na bar shi zai ja maƙwabcinsa."

"Na hagun fa?"

Dakta ya tura shi da gindin madubi. Ya ɗaga hoton ƙashin da aka ɗauka, ya kalle shi a jikin taga. Ni dai bakin biro na kafa a kan kati har ya huda.

"Da ban san wanda ya kankare shi ba, da na cire," ya ce. "Zan ba shi wata uku."

Ya cire ƙaramin a ranar. Ya ɗaure manyan biyun ta baya da siririyar waya, ya haɗa su da na kusa, don su huta da motsi. Magani ya ci gaba. Bayan wata uku na hagu ya sauko shida, ba jini. Dakta ya ƙara wasu ukun. Sau ɗaya a tsakani maganin gaske ya yanke kwana tara, Madam ta shiga mota da kanta ta nemo. A watan tara aka tsayar da magani, domin ba a wuce haka. Na dama huɗu. Na hagu biyar, dasashi ya kama shi gam, launinsa ya dawo.

Ku da kuke koyo, kada ku ɗauka ƙwayar ce ta yi wannan. Dakta da kansa yakan ce rabonta kaɗan ne, a yawancin mutane bai kai zane guda a jikin ƙarfen awo ba. Mako shida da aka yi dutse yana ciki, ko da Yaya ya haɗiye ta daidai, ba abin da za ta tsinana. Amma haƙorin da ke tsakanin a cire da a bari, wani lokaci ɗan wannan kaɗan ɗin ne yake raba gardama. Nawa ne na ƙarfe, nawa ne na magani a bakin yayana, ban sani ba, kuma ba wanda zai iya gaya muku.

Na buɗe durowa na ba Yaya bakin begilarsa, a hannu. Sharaɗin Dakta shi ne gajerun waƙoƙi tukuna, ban da dogon maci, kuma duk wata uku ya zo kujerata. Ya juya ƙarfen, ya hura shi, ya ce, "Kin dafa min shi har ya fi da haske." Kujerarsa a ƙungiya ba ta dawo nan take ba. Wata biyar yana busa murya ta biyu a bayan ɗan kwalejin, har yaron ya gama karatu ya tafi. Daga nan ya yi shekara huɗu yana gaba. Bai taɓa tsallake zaman wata uku ba, kuma duk zuwa shi yake fara cewa, "Auta, allura tukuna."

Watan jiya hawan jini ya kayar da shi a tsakar gida, yana ɗaure takalmi. Kwana biyu ya yi a asibiti, ya cika. Ranar jana'iza da safe, da yake ni ce ma'aikaciyar lafiya a gidan, ni aka tura ɗakin ajiye gawa da kayan da za a sa masa. Ma'aikacin wurin ya gama shirya shi, ya ɗauko auduga zai gyara bakin. Na ce ya ɗan dakata.

Na ɗaga leɓen na sama. Suna nan, su biyun, wayar tana bayansu. A gindin na hagu akwai ɗan datti na kwana biyun da bai goge ba. Na karɓi audugar, na naɗe a yatsa, na share shi har wuya. Sannan na sauke leɓen, na ce wa mutumin ya ci gaba da aikinsa.